Wariyar launin fata da gabar addini: me duniya ta yi, kuma a ina aikin ya tsaya

Duk lokacin da wani abu ya faru a Turai, ko an ƙona Alƙur'ani ko an wulaƙanta wani baƙar fata a filin jirgi, kafin magariba guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp a nan Katsina sun cika da tambaya ɗaya, wai ina Majalisar Ɗinkin Duniya take ne. Wasu su ce ai ba ta da wani amfani, kayan Turawa ce kawai, wasu kuma su ce a kai ƙara can a hukunta mai laifi. Kowane ɓangare akwai abin da ya kuɓuce mashi. An yi aiki, mai yawa ma kuwa, sama da shekara sittin ana yin shi, kuma da hannun 'yan Najeriya dumu-dumu a ciki. Sai dai tun farko an raba maganar gida biyu, kuma wannan rabon shi ya sa har yau za ka ga batun launin fata yana da dokar da ke ɗaure ƙasa, batun addini kuma sai taro da sanarwa da ɗaukar hoto.

Abubuwa biyu ne suka tayar da maganar. A ƙarshen 1959 aka wayi gari an zana tambarin 'yan Nazi a jikin wurin ibadar Yahudawa a birnin Cologne na Jamus, cikin 'yan makonni abin ya bazu ƙasashe da dama, hankalin Turai ya tashi don yaƙin duniya na biyu bai kai shekara goma sha biyar da ƙarewa ba. Sai kuma ranar 21 ga Maris 1960 'yan sandan gwamnatin Turawa 'yan tsiraru a Afirka ta Kudu suka buɗe wuta kan baƙaƙen fata masu zanga-zangar ƙin dokar yawo da takardar izini a Sharpeville, suka kashe mutum 69, da yawansu a baya harsashin ya same su suna gudu. A shekarar nan ce kuma ƙasashen Afirka 17 suka samu 'yancin kai, Najeriya ta shiga Majalisar a watan Oktoba a matsayin ƙasa ta 99, sai ga baƙar fata da ƙuri'u masu yawa a zauren da a da ba a jin muryarshi.

To a 1962 da aka zo rubuta doka, da farko tunanin shi ne a haɗa wariyar launin fata da ta addini a takarda ɗaya, amma babban zauren Majalisar ya yanke a yi takardu biyu. Ƙasashen Afirka suna sauri, burinsu a kama Afirka ta Kudu, ba su son a tsaya jayayyar addini ta cinye lokaci. Tarayyar Sobiyet da 'yan koranta ba su son a taɓo maganar addini kwata-kwata don sun san abin da suke yi wa masallatai da coci-coci a gida. Ƙasashen Larabawa kuma suna ɗari-ɗari kada maganar ƙin Yahudawa ta zama kariya ga Isra'ila. Kowa da dalilinshi, aka raba. Ta launin fata ta yi gudu, 1963 aka yi sanarwa, ranar 21 ga Disamba 1965 aka amince da cikakkiyar yarjejeniya, ta fara aiki a 1969, Najeriya ta shiga tun 1967 ana tsakiyar yaƙin basasa, yau ƙasashe sama da 180 suna ciki. Ta addini kuwa sai da aka shekara kusan ashirin ana ja, sai a Nuwamba 1981 aka samu 'yar gajeruwar sanarwa wadda ba ta ɗaure kowa, kuma har yanzu da nake wannan rubutu ba ta zama yarjejeniya ba.

Yarjejeniyar 1965 ɗin ya kamata mu san yadda take aiki, don a nan ne mutane ke zaton abin da babu. Akwai kwamitin ƙwararru 18 da ke zama a Geneva, kowace ƙasa ta yi alkawarin kai rahoto lokaci-lokaci kan abin da take yi, ƙungiyoyi masu zaman kansu su ma suna iya kai nasu rahoton su ce ƙarya gwamnati take ga gaskiyar abin da ke ƙasa, sai a zaunar da wakilan ƙasar a yi masu tambayoyi a bainar jama'a, daga nan kwamitin ya fitar da shawarwari. Iyakarta ke nan. Kamar dattijon unguwa ne, zai kira ka, zai faɗa maka gaskiya a gaban mutane har ka ji kunya, amma ba shi da ɗan sanda ba shi da gidan yari. Mutum ɗaya yana iya kai ƙarar ƙasarshi gaban kwamitin amma sai in ƙasar ta sa hannu daban ta ce ta yarda a yi hakan. Sashe na 4 ya ce ƙasashe su mayar da tunzura mutane kan masu wani launi ko wata ƙabila laifi a dokarsu, Amurka da ta shiga a 1994 sai ta gindaya sharaɗi ta ce ita ba za ta taɓa 'yancin magana da ke tsarin mulkinta ba.

Duk da haka kar wani ya ce maka takarda ba ta taɓa yin aiki ba. Ta yi a Afirka ta Kudu, kuma mu shaida ne. Najeriya ta riƙe shugabancin kwamitin Majalisar na yaƙi da mulkin wariya shekara da shekaru, Leslie Harriman ya riƙe, marigayi Ɗan Masanin Kano Yusuf Maitama Sule ya riƙe, Joseph Garba ya riƙe, Ibrahim Gambari shi ya rufe a 1994. A Legas aka yi babban taron duniya kan mulkin wariyar a Agusta 1977, a Nuwamban shekarar kwamitin sulhu ya haramta sayar wa gwamnatin Afirka ta Kudu makamai. A nan gida an buɗe asusun tallafa wa waɗanda mulkin wariya ya shafa a 1976 wanda ma'aikata suka riƙa ba da wani kaso daga albashinsu, 'yan wasanmu suka haƙura da gasar Olamfik ta 1976 bayan sun riga sun isa Kanada, a 1979 kuma gwamnatin Obasanjo, wadda ɗan garin nan Shehu Musa 'Yar'aduwa yake na biyu a cikinta, ta ƙwace hannun jarin kamfanin mai na BP saboda maganar Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yanzu, da Afirka ta Kudu. Abin lura shi ne ba ƙudirin kaɗai ya saki Mandela a Fabrairu 1990 ba, mutanen ƙasar sun ba da jininsu, ƙasashe kuma sun yarda su yi asarar kuɗi da ciniki a kai. Inda aka rasa wannan yardar, ƙudirin yana nan a rubuce amma ba ya motsi.

An ga haka a Durban ta Afirka ta Kudu. Daga 31 ga Agusta zuwa 8 ga Satumba 2001 aka yi babban taron duniya kan wariya a can, ƙasashen Afirka da na Karebiyan suka je da buƙatar a nemi afuwa kan cinikin bayi a kuma biya diyya, Turai ta ƙi don tsoron kada kalmar afuwa ta buɗe ƙofar shari'a, rigimar Falasɗinu da Isra'ila kuma ta mamaye zauren har Amurka da Isra'ila suka fice. A ƙarshe an samu an rubuta cewa bauta da cinikin bayi laifi ne ga bil'adama kuma da ma can ya kamata a ɗauke su haka, wanda ba ƙaramin abu ba ne, amma maganar diyya aka lulluɓe ta. Kwana uku da rufe taron aka kai harin 11 ga Satumba, duniya ta juya gaba ɗaya. Tun daga nan duk taron waiwaye da aka kira, 2009 da 2011 da 2021, sai wasu ƙasashen Yamma sun ƙaurace. Sai da ɗan sanda ya danne wuyan baƙar fatar nan George Floyd har ya mutu a Minneapolis ta Amurka a Mayu 2020 duniya tana kallo a waya, sannan ƙasashen Afirka suka samu aka yi zaman gaggawa a hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar da ke Geneva, a 2021 kuma aka kafa zaure na dindindin kan 'yan asalin Afirka.

Bayan 2001 ne Musulmi ya tsinci kanshi a tsakiyar waccan ɓarakar ta 1962. Ana tsare shi a filin jirgi saboda sunanshi, ana cire wa matarshi hijabi, ana kai wa masallacinshi hari, amma in ya ɗauko yarjejeniyar 1965 sai ya ga jinsi da launi da zuriya da ƙasar asali da ƙabila ta lissafa, addini ba ya ciki. Shi ya sa ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, da Pakistan a gaba, tun 1999 ta riƙa kawo ƙudirin hana ɓatanci ga addinai kusan duk shekara. Yana wucewa, amma ƙuri'un suna raguwa, don ƙasashen Yamma sun tsaya a kan cewa doka mutum take karewa ba aƙida ba, wai in aka ce ba a sukar addini to gwamnatoci za su samu sandar dukan 'yan tsiraru da masu adawa. Namu kuma suna cewa mutumin da aka zagi Annabinshi an taɓa shi fiye da a mare shi, to ta ina ka kare shi in ka bar wannan. Wallahi duk wanda ya tashi a Katsina ya san zafin wannan magana ba sai an yi mashi bayani ba. Zanen ɓatancin da wata jarida ta buga a Danmak a Satumba 2005, a Fabrairu 2006 jininshi a Maiduguri ya zuba, nan Katsina ma an rasa rai, aka yi ramuwa a Onitsha, waɗanda suka mutu Musulmi da Kirista duka talakawan Najeriya ne da ba su taɓa ganin jaridar ba.

A 2011 aka samu matsaya, ita ce ake kira ƙudiri na 16/18. OIC ta ajiye maganar ɓatanci ga addini, Yamma kuma ta yarda a yaƙi nuna ƙyama da wariya da tunzura tashin hankali a kan mutane saboda addininsu. A shekarar da ta biyo baya masana suka zauna a Rabat ta Maroko suka fitar da ma'auni na gane maganar da ta wuce ra'ayi ta zama tunzurawa, kuma ni a ganina wannan ma'aunin yana cikin abubuwa mafi amfani da aka taɓa fitarwa a harkar nan, don ko a Facebook ɗinmu za ka iya aiki da shi. Ana duba yanayin da aka yi maganar, shin gari lafiya yake ko an riga an ja daga, ana duba wane ne ya yi ta kuma mutum nawa ke jin maganarshi, me yake nufi, me ya faɗa kuma da wane salo, ina maganar ta kai, sannan shin akwai yiwuwar wani ya ɗauki makami saboda ita. Ɗalibin da ya yi tambaya mai zafi a aji daban, mai mabiya dubu ɗari da ya rubuta cewa duk 'yan ƙabila kaza ɓarayi ne washegarin da aka kai hari a ƙauye daban.

Matsayar ta riƙe na wasu shekaru, har bayan kisan masallata 51 a Christchurch ta New Zealand ranar Juma'a 15 ga Maris 2019 aka samu babban zauren ya ayyana 15 ga Maris ranar yaƙi da ƙyamar Musulunci a 2022. Amma da aka ƙona Alƙur'ani a ƙofar masallaci a Stockholm ranar Babbar Sallah ta 2023 da izinin 'yan sanda, sai tsohon ciwon ya dawo sabo. A Yuli aka kaɗa ƙuri'a a hukumar kare haƙƙin ɗan Adam a Geneva kan ƙudirin yin tir da abin da kiran a hukunta, 28 suka goyi baya, 12 suka ƙi, 7 suka yi rowar ƙuri'a, waɗanda suka ƙi ɗin mafi yawa Amurka ce da ƙasashen Turai. Abin da ya fi jan hankalina shi ne Danmak, wadda ta soke dokar saɓo a 2017, ita da kanta a Disamba 2023 ta yi dokar da ta haramta wulaƙanta littattafan addini a bainar jama'a, da hukuncin da ya kai ɗaurin shekara biyu. Matsin lambar diflomasiyya da na kasuwa da tsoron tsaro ne suka kawo wannan, ba ƙona shagon maƙwabci a Najeriya ba.

Tunda doka ta gagara a ɓangaren addini, sai aka koma ga tattaunawa, kuma a nan ne mutanenmu suka fi zargi. Da ka ce tattaunawar addinai sai wani ya ce ai so ake a narkar da addinai a yi guda ɗaya. Zargin ba daga sama ya faɗo ba, an yi ta yaɗa maganar wani addinin Ibrahimiyya, amma Shehun Azhar Ahmad al-Tayyib, wanda shi ne ya sa hannu a takardar 'yan'uwantakar ɗan Adam tare da Fafaroma Francis a Abu Dhabi ranar 4 ga Fabrairu 2019, shi da bakinshi a 2021 ya fito ya yi watsi da maganar haɗa addinai. Naku addinin naku, nawa nawa, wannan ba a taɓa shi. Abin da ake tattaunawa shi ne yadda za a zauna gari ɗaya kasuwa ɗaya ba a kashe juna ba, wanda ayar Mumtahana ta 8 ta riga ta yi mamu bayaninshi, kuma Annabi (SAW) ya karɓi tawagar Kiristocin Najran a Madina aka yi muhawara kowa ya tsaya a kan nashi aka rabu da yarjejeniya.

Cocin Katolika ta canza harshenta kan Musulmi a hukumance tun 1965, kuma ɗan Najeriya ne, Kadinal Francis Arinze, ya riƙe ofishinta na hulɗa da sauran addinai daga 1984 zuwa 2002. Amma wanda ya fi burge ni daga ɓangarenmu ya fito. A 2006 Fafaroma Benedict ya yi wata lacca a Jamus ya ɗauko maganar wani tsohon sarkin Rumawa mai muni a kan Annabi, duniyar Musulmi ta ɗauki zafi, to maimakon abin ya tsaya a zanga-zanga, a Oktoba 2007 malamai da shugabanni 138 daga mazhabobi daban-daban suka rubuta wa shugabannin Kirista buɗaɗɗiyar wasiƙa, suka gina ta a kan aya ta 64 a Ali Imrana mai kiran ma'abota littafi zuwa ga kalma mai daidaitawa, suka ce son Allah da son maƙwabci ya isa ya zama filin da za a tsaya a yi magana. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar yana cikin waɗanda suka sa hannu. Sai kuma 2016 a Marrakesh, lokacin da 'yan ISIS ke korar Kiristoci da Yazidawa a Iraƙi, ɗaruruwan malamai ƙarƙashin Shaihu Abdullahi bin Bayyah suka ɗauko Sahifar Madina suka ce ita ce hujjar cewa wanda ba Musulmi ba a ƙasar Musulmi cikakken ɗan ƙasa ne. Sauran kuma suna da yawa, shirin ƙawancen al'ummomi da Sifaniya da Turkiyya suka kawo a 2005, makon jituwar addinai na farkon Fabrairu da Sarkin Jodan ya kawo a 2010, cibiyar tattaunawar addinai ta KAICIID da Saudiyya da Ostiriya da Sifaniya suka buɗe a Vienna a 2012 ta koma Lisbon daga baya.

Raunin duk waɗannan a bayyane yake. Manya ne ke haɗuwa da manya a otal, waɗanda da ma ba su ne za su ɗauki adda ba, yaron da ke tashar mota bai san an yi ba. Gwamnatoci kuma kowace tana da inda take kawar da kai. Yamma da ke wa'azin haƙƙin ɗan Adam mun ga yadda bakinta ya yi nauyi a kan Gaza, har sai da Afirka ta Kudu ce ta kai ƙara kotun duniya a Disamba 2023. Amma mu faɗi ɗaya gefen ma, a Oktoba 2022 an nemi a yi muhawara kawai a hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, muhawara fa ba hukunci ba, kan halin da Musulmin Uighur ke ciki a Chaina, aka kayar da buƙatar da ƙuri'a 19 da 17, kuma cikin waɗanda suka kayar da ita akwai Pakistan da Indonesiya da Qatar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Musulmin Rohingya na Myanmar kuwa ƙaramar Gambiya ce ta tsaya masu a kotun duniya a 2019.

Kuma wariyar da ta fi taɓa ɗan Katsina kai tsaye ba a Turai take ba. Ka je Daura ka bi hanyar Kongolam, ko ka bi ta Jibiya, ka ga samari da 'yar jaka ɗaya a kafaɗa da galan ɗin ruwa da aka naɗe da buhu, sun nufi Damagaram ko Maraɗi daga nan Agadas daga nan Libiya. Ka zauna da waɗanda suka dawo ka ji, yadda ake tsare mutum a ɗaki a kira gidansu a waya ana dukanshi don uwarshi ta ji kukan ta sayar da gona, yadda zai yi aikin wata uku a hana shi kuɗin a kira shi bawa, kuma mai yi mashi haka in an kira salla sahu ɗaya za su tsaya. A Nuwamba 2017 CNN ta nuna bidiyon gwanjon baƙaƙen fata a Libiya kan dala 400. A Fabrairu 2023 shugaban Tunisiya Kais Saied ya ce zuwan baƙaƙen Afirka makirci ne na canza ƙasarshi, aka bi su ana kora daga gidajen haya, har kwamitin nan na Geneva ya fitar da gargaɗin gaggawa. Wannan magana ba mu cika son yin ta a masallaci ba don kunya, alhali hudubar bankwana ta riga ta yanke cewa Balarabe bai fi wanda ba Balarabe ba sai da taƙawa, kuma mun san abin da Annabi ya ce wa Abu Zarri ranar da ya goranta wa wani launin mahaifiyarshi.

Laifi tudu ne. A gidan kallon ƙwallo za ka ga yadda samarinmu ke tashi tsaye suna zagi in 'yan kallo a Sifaniya suka yi wa Vinicius kukan biri, kuma suna da gaskiya, kotu ma ta yanke wa mutum uku hukuncin wata takwas a 2024 kan abin da aka yi mashi a Valencia. Amma a fito daga gidan kallon a ga Bafulatana ta sauke ƙwaryar nono a bakin titi, sai ka ji wani ya ce ku yi hankali 'yar leƙen asirin 'yan bindiga ce, ita kuwa ƙila shanun gidansu aka fara korewa kafin na kowa, ta sunkuyar da kai tana dama furar kamar ba ta ji ba. Ba ina rage zafin abin da aka yi mamu ba ne, an kwashe yara sama da 300 a Ƙanƙara a Disamba 2020, an bi mutane har cikin masallaci da asuba a Unguwar Mantau ta Malumfashi a Agusta 2025 an kashe su, wanda ya binne nashi ba za ka hana shi fushi ba. Amma ɗora laifin ɗan bindiga a kan duk mai kama da shi, shi ne daidai abin da aka yi wa mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo a Maris 2025, da aka tare motarsu suna hanyar zuwa gida yin salla aka ce masu garkuwa ne aka ƙone su. Yarjejeniyar 1965 ta ambaci ƙabila da zuriya, wato ta shafi wannan, ta shafi gorin bauta da har yau ake yi wa wasu gidaje in an zo neman aure, ta shafi yaron da aka haifa a nan aka haifi ubanshi a nan amma takardar shaidar ɗan asali ta gagare shi.

Haka ta fuskar addini. Akwai Hausawa Kiristoci a Malumfashi da Ƙafur da kewaye, 'yan asalin jihar nan ne kaka da kakanni, a 2023 ma aka kafa dayosis ɗin Katolika ta Katsina aka naɗa Bahaushe Gerald Mamman Musa bishop. In suka ce samun filin coci ko na maƙabarta yana yi masu wuya, kamata ya yi mu saurara da irin kunnen da muke so a saurari Musulmin Faransa ko na Kudu maso Gabashin Najeriya. Dattawanmu suna tuna Maris 1987, rigima ta tashi a kwalejin Kafanchan, kafin a ankara wuta ta kai Zariya da Funtuwa da Katsina, lokacin duk muna jihar Kaduna. Rashin gyara irin waɗannan ƙananan ƙorafe-ƙorafen a gida shi ke ba na waje damar ba da labarinmu yadda suka ga dama, Amurka ta sa Najeriya a jerin ƙasashen da take zargi da tauye 'yancin addini a 2020, ta cire ta a 2021, ta mayar da ita a 2025, kuma a labarin da ake bayarwa can da wuya ka ji an ambaci masallatan Malumfashi.

Tattaunawar da na ga ta fi kama ƙasa a Najeriya ba daga Geneva ta zo ba. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye a Kaduna kowannensu ya jagoranci matasa a rikicin 1992, Wuye ya rasa hannu, Ashafa ya rasa malaminshi da 'yan'uwa, a 1995 suka haɗu suka fara aikin sulhu tare, su suka tsaya aka samu shugabannin addini 22 suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a Agusta 2002. Wata uku bayan nan rikicin gasar sarauniyar kyau ya ɓarke aka sake kashe mutane, ba su bari ba, suka je Yelwan Shendam suka yi, har Kenya aka gayyace su. Liman Abubakar Abdullahi kuma a wani ƙauyen Barikin Ladi a Yuni 2018 ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinshi da gidanshi ya tsaya a ƙofa ya hana a shiga, sai daga baya duniya ta zo da lambar yabo. Muna da majalisar tuntuɓar juna ta addinai, NIREC, tun 1999 da Sarkin Musulmi da shugaban CAN ke jagoranta, amma irin wannan zaman a matakin gunduma ake buƙatarshi, inda hakimi da liman da fasto da arɗo suka san juna da lambar wayar juna kafin ranar da jita-jita za ta tashi.

Akwai kuma aikin da ke kan 'yan majalisarmu. Sashe na 42 na tsarin mulki ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko wurin asali ko addini, sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini, amma sashe na 12 ya ce duk yarjejeniyar da aka sa wa hannu a waje ba ta zama doka a kotunanmu sai majalisar tarayya ta mayar da ita doka. An yi wa yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka haka a 1983, shi ya sa lauya yake iya kafa hujja da ita a gaban alƙali a nan gida. Ta 1965 ba a yi mata ba, kuma Najeriya ba ta sa hannun da zai ba ɗan ƙasa damar kai ƙorafinshi gaban kwamitin Geneva ba, alhali Afirka ta Kudu da Senegal da Aljeriya sun sa. Jihar Katsina tana da sanatoci 3 da 'yan majalisar wakilai 15, kowane ɗaya daga cikinsu yana da ikon gabatar da ƙudiri a kan wannan, kuma in sun zo neman ƙuri'a ana iya tambayar su.